Ƙwallon Farko ta Nafi'u

Ku matso ku ji wata. Daga ƙasar sanyi ta zo, kuma in na gama ku za ku yanke hukunci.

A wani gari a Kanada akwai wani yaro mai suna Nafi'u. Iyayensa mutanen Gusau ne, amma shi can aka haife shi, mahaifinsa kuma ya rasu tun yana goye. Yaran garin ba su da wasan da ya wuce hoki. A kan ƙanƙara ake yin sa, da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, kowa da sandarsa yana kora wata baƙar ƙwallo mai faɗi kamar waina zuwa raga. Abu ɗaya Nafi'u yake so: ƙungiyar matasa ta lardinsu ta ɗauke shi, don daga nan manyan ƙungiyoyi suke zaɓar 'yan wasa. Wanda kuwa shekarunsa suka wuce ba a ɗauke shi ba, shi ke nan.

Kawu Tanimu, ƙanin mahaifiyarsa, direban bas ne, mutumin da ko a Gusau ba ya wanka da ruwan sanyi. Wata rana ya tarar da yaron yana sulɓi da safa a ɗakin girki, yana dukan murfin kwalba da muciya. Sai ya kewaye wani wuri a bayan gidansu da katako, kullum bayan sallar asuba ya fito da riga kan riga yana yayyafa ruwa, yadda ake yi wa tsakar gida kafin shara, har wurin ya daskare ya zama fili. Gemunsa ya yi fari fat, yana cewa, "A gida sayen ƙanƙara muke yi mu sha, a nan ga ni ina nomanta." A filin nan Nafi'u ya koyi gudun da ba wanda yake kamo shi.

Ana haka, a wani wasa aka maka shi da bango, kafaɗa ta goce, haƙori ya fita. Umma ta kulle takalman a akwatinta ta ce, "Namiji ɗaya Allah ya bar min, ba zan ba ƙanƙara shi ba." Yaya Sakina, yayarsa, nas ce. Ita ta riƙa gasa kafaɗar tana motsa masa hannu har ya koma ɗaga sanda. Ba ta taɓa musu da Umma ba. Sai dai duk ranar kitso, kan Umma na kan cinyarta, ta riƙa sako maganar a hankali, mako bayan mako. Saura kaɗan a rufe ɗaukar sunaye Umma ta jefo mata makulli. "Ungo. Ke da ƙaninki kun fi ƙarfina."

Ranar gwaji ta zo, Nafi'u ya fi kowa gudu, amma abin ya ƙi. Duk sanda ya iso gaban raga ya ga wanda ya girme shi a gefe, sai ya miƙa masa ƙwallon. In koci, mai horar da 'yan wasan, yana masa magana, sai ya sunkuyar da kai. Koci ya ɗauka tsoro ne, ya ce masa gobe ne na ƙarshe.

Zuwaira, 'yar maƙwabtansu Katsinawa, ajinsu ɗaya. Ba ta san dokar wasan ba. Ta ce rakiyar Yaya Sakina ta zo wurin gwajin, da littafi a hannu wanda ba ta juya shafinsa ba. A bakin ƙofa ta tare shi.

"Nafi'u, dogon nan yayanka ne?"

"A'a."

"To surukinka ne? Na ga kana miƙa masa ƙwallo kamar ruwan alwala."

Ya sunkuyar da kai.

"Kunyar nan ka bar wa Umma ita a gida. In kocin nan yana magana, ka dubi idonsa. Fara da ni."

Ya ɗago. Ita ce ta fara sunkuyar da kai.

Washegari ya dubi koci ido cikin ido ya gaishe shi, ya shiga fili ya zura ƙwallo da kansa, ya ƙara. Aka ɗauke shi.

To, 'yan wasan nan suna da al'ada. Ran da yaro ya ci ƙwallonsa ta farko a ƙungiya, sai a tsamo ta daga raga a damƙa masa, shi kuma yakan kai wa wanda ya fi tsaya masa. Nafi'u ya ci tasa a wasan farko. Ya dawo gida da ita a aljihu, ya tarar da Kawu Tanimu yana kurɓar shayi kamar ba ruwansa. Yaya Sakina har ta share wuri a kan kabad. Zuwaira na tsaye a bakin ƙofa da kwanon dambu, wai mamarta ta aiko ta. Ya dubi Umma, ta ce, "Kada ka dube ni, ni hana ka na yi."

Ƙwallo ɗaya ce, ba ta rabuwa. To ku faɗa min, a hannun wa ya kamata ya sa ta?