Direban da Ya Koma Kallon Sama

Ya 'yan uwa, kafin in taɓa kowa bari in fara da kaina. Ni ma ba na ɗaura bel ɗin mota sai na hango jami'in hanya. Tsoron Allah yana nan, amma na hula ya fi saurin kama ni.

To, an taɓa yin wani direban bas da abokansa na tasha ke kira Ba-Birki. Ya san duk inda jami'ai ke tsayawa. Direbobi kuma suna ƙyafta wa juna fitila, sai ya lafa kamar mutumin kirki, yana wuce su ya taka wuta.

Sai hukuma ta kawo ƙananan jirage marasa matuƙi, masu ɗaukar hoton masu ganganci daga sama. Wa zai ƙyafta maka fitila a kan abin da ke bisa kanka? Sau biyu ana kama shi. Aka ce na uku za a karɓe lasin ɗinsa, ga iyali a gida.

Ya rage gudu? Ina! Sai ya koyi tuƙi da kai a waje, ido a sama.

Matarsa ta ce, "Maigida, ba rage gudun ya fi sauƙi ba?"

Ya ce, "Ke dai ki ji da tukunyarki."

Wata rana da hantsi, mota cike, ya hango baƙin abu yana shawagi. Ya ƙara wuta don ya shige inuwar itatuwan da ke kan kwana. Wata tsohuwa a bayansa ta ce, "Ɗan nan, hanyar a ƙasa take fa."

A kwanar nan wata tirela ta lalace, tana tsaye a kan hanya.

Mutum huɗu ba su koma gida ba, har da tsohuwar. Shi kuwa yana nan a ƙofar gida kan keken guragu, lasin a aljihu, babu wanda ya karɓa.

Ya 'yan uwa, ya ɓuya wa ido mai batir, ya manta da Wanda ba ya gyangyaɗi. Mun sha faɗa, gobe ma za a taka wuta. Me ya rage mana ban da addu'a? Allah ka tsare mu daga wayonmu.

Daga baya aka gano a ranar nan jirgin bai ma tashi ba, yana ofis ana cajinsa. Shirwa ce ya gani.