Yatsun da Ke Jikin Katanga

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Bushiya ta tsufa, mijinta ya rasu, 'yarta kuma ta aiko ta koma wurinta. Sai ta sa gidanta a kasuwa. Kurege, wanda ba ya sayen abu sai ya kushe shi, ya zo dubawa.

Ya ce, "Gwaggo, katangar gidan nan ta tsage. Ki sake mata yaɓe, in saya da daraja."

Ta ce, "Yadda ka gan shi, haka zan sayar."

"Ai ƙasa ce da ruwa kawai! Ko rowa ce?"

"Matso ka duba, ɗan nan. Waɗannan layukan yatsun Malam ne, yaɓensa na ƙarshe. Kullum da safe nan nake ɗora hannuna."

Kurege ya ce, "To, sai dai rabin kuɗi. Kuma ki sani, zan shafe su kafin damina."

Ta ce, "Na sani. Gidanka ne, ka shafe. Amma ba da hannuna ba."

Ta karɓa, ta ɗaure kayanta. Ta ɗora tafinta a kan yatsun, ta daɗe tsaye, kana ta fita. Ba ta kai bakin rafi ba, ta jiyo Kurege yana kwaɓa ƙasa. Ba ta waiwaya ba.

Shi ya sa har yau, in Bushiya ta ji motsi a bayanta, dunƙulewa take yi, ta ɓoye hannun nan a ƙirjinta.

Ƙurunƙus, a kan ɗan ɓera ta ƙare.