Telan da ya raina maganar mai shara

Akwai wani tela, gwani ne na gaske, sai dai bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Shekara ashirin yana taka keken ɗinki na ƙafa. Da ɗansa ya sayo masa na lantarki, sai ya manne a kujera tun safe har yamma, ko ruwa sai an tuna masa.

Wata rana sharaɓarsa ta hagu ta kumbura, ta ɗau zafi. Ya jawo tef ɗin awo ya gwada. Ta fi ta dama da inci biyu cur. Ya ajiye tef ɗin, ya ci gaba da ɗinki.

Sai ga wata dattijuwa mai shara a asibiti ta kawo gyaran zif. Tana ganin ƙafar ta tsaya cak.

"Malam tela, ɗaya ce kawai ta kumbura?"

"Gajiya ce, Iya."

"Don Allah kada ka bari a matsa maka ita, ka je asibiti yau ɗin nan. Na sha ganin irinta a ɗakin da nake gogewa. Jini ne ke daskarewa a jijiya, in ya ɓalle huhu yake nufa."

Ya dubi masu zaman shago ya ce, "Kun ji! Yanzu har masu tsintsiya an fara ba su takardar likita."

Aka kwashe da dariya. Ta karɓi kayanta ta fita.

Da ya koma gida, bai gaya wa matarsa komai ba. Miƙa mata ƙafa kawai ya yi, ta shafa man zafi tana murzawa.

"Danna da ƙarfi mana, ba ki ci abinci ba ne?"

Washegari da safe ya sunkuya zai sa takalmi, sai numfashi ya ƙi zuwa. Ya dafe ƙirji, zufa ta karyo masa. Ya yi tari, ga jini a tafin hannunsa. Ya buɗe baki zai kira matarsa, bakin nan da ba ya gajiya ya kasa fitar da kalma ɗaya. Ƙarar faɗuwarsa ta jiyo, ta fito da gudu tana salati.

A asibiti aka sa masa iskar oksijin, aka yi hoton ƙirji, aka fara masa allurar tsinka jini. Likita ta ce gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe hanya a huhu, sai an ga yadda kwana biyun nan za su kasance. Sannan ta tambaya, "An matsa ƙafar ne?"

Matar ta zube a ƙasa tana duban hannayenta.

"Wayyo Allah, ni na kashe shi! Da hannuna!"

Tela na jin ta daga kan gado. Da kyar ya janye robar da ke hancinsa, hawaye na bin kuncinsa.

"Ba ke ba ce. An gaya mini jiya. Dariya na yi."

Darasi: Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a murza, a garzaya asibiti. Mai dogon zama ya riƙa miƙewa yana ɗan tattaki. Kuma kada ka auna gargaɗi da sana'ar mai yinsa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana wuni a kujera.