Ranar Da Bevan Ya Ɗaga Tayoyin Baya

Akwai wani dattijo, Bevan, mutumin wani gari da ake kira Mildura. Kar ku tambaye ni a ina na san shi, ku dai karanta har ƙarshe don Allah.

Shekara arba'in ya yi yana jan tirela, kuma ba zai zauna da kai minti biyar bai faɗa maka haka ba. Da ya yi ritaya sai ya sayi motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki, suka kama hanya shi da matarsa Noelene.

Ba yawo ne ya fito da su ba. Mahaifiyar Noelene a can garin Broome mai nisa aka binne ta, kuma Noelene ba ta taɓa ganin kabarin ba. Lokacin rasuwar tana da tsohon ciki, shi kuma yana kan hanya. Ya ce mata baɗi za su je. Baɗin nan sai da ta kai shekara talatin da huɗu.

Sati uku suna tafe. Saura tafiyar yini ɗaya su isa, suka tsaya kwana a bakin kogin De Grey, inda masu irin motar nan ke yada zango. Wajen ƙarfe biyar ne na yamma, daidai lokacin da kowa ya fito da kujerarsa da kwalbarsa. Kun san halin mutanenmu, sabuwar mota na shigowa za a juyo da kujeru a zuba ido a ga yadda za ka yi fakin.

Wurare masu kyau duk an kama. Wuri ɗaya ya rage, shi ma mai gangara zuwa ruwa. Bevan ya shiga da baya, wai don tagar gado ta kalli kogi, Noelene ta farka ta ga tsuntsaye.

Motar tana da jak huɗu a ƙarƙashinta. Kana danna maɓalli su sauko su daidaita ta, don firji ya yi aiki, kuma kar mutum ya kwana kansa na ƙasa ƙafafu na sama. Bevan ya danna. Bayan motar ya yi ta tashi, ya yi ta tashi.

Sai ga wata tsohuwa daga motar da ke gefe, Glenys, ita kaɗai take yawonta tun rasuwar mijinta. Ta rungumo katakai biyu da weji, abin tokare taya.

"Sannu da hanya, maƙwabci," ta ce. "Tayoyinka na baya sun bar ƙasa fa. Ga haske nan ina gani a ƙarƙashinsu."

"Na gani, baiwar Allah. Aikin jak ke nan ai."

"Jak ɗin nan na daidaitawa ne, ba na ɗagawa ba. Kuma burkin hannu tayoyin baya yake kamawa. In suna lilo a sama, me ke riƙe da motar? Sauke ta ka hau kan katakon nan, ka sa weji a na gaba."

Abin da ya fi ciwo a labarin nan shi ne, Bevan ya san gaskiya ta faɗa. Tun kafin ta rufe baki ya sani. Har hannunsa ya nufi maɓallin.

Sai wani mai jar fuska ya ɗaga kwalba daga kujerarsa ya yi ihu, "Direba! An zo koya maka mota kyauta, zauna ka ɗauki karatu!"

Aka kwashe da dariya. Kunya ta kama Bevan. Ya janye hannu.

"Goggo," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "kina koyon keke nake jan tirela mai jela uku. Tafi da katakonki ki hura wuta, dare zai yi sanyi."

Glenys ta dube shi, ta dubi tayoyin, ta juya da katakanta ta koma motarta.

A ransa ya ce minti goma kawai. Da zarar sun juya kujerunsu zai sauke motar a hankali, ba wanda zai lura.

Noelene tana tsaye a bakin ƙofar motar tana miƙa, bayanta ya gaji da zama. Ba ta ji duk abin da aka yi ba.

"Tsoho, in shiga in ɗora mana shayi?"

Ya buɗe baki zai ce jira. Ya ga idanu suna kansa har yanzu, mai jar fuska yana murmushi.

"Shiga mana," ya ce.

Ta shiga. Ta ɗora buta, ta taka zuwa baya za ta buɗe tagar nan ta ga ruwa. Motar ta yi wani ɗan ƙugi. Jak ɗin baya suka zame a cikin yashi suka lanƙwashe, motar ta faɗo ta sulale baya, ta daki bishiya ta tsaya. Ko mita biyu ba ta yi ba.

Bevan ya same ta a ƙasa tsakanin gado da kabad, ƙafarta ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa.

Masu dariya suka taru suna ta surutu, wannan ya ce a ɗaga ta, wancan ya ce a ba ta ruwa. Glenys ce ta ratsa su ta ce kar wanda ya taɓa ta. Ita ce ta kashe gas. Ita ce mai wayar da ke kamawa ko a daji, ta kira motar asibiti, ta zauna a ƙasa riƙe da hannun Noelene har suka iso. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Jirgin sama ne ya kai Noelene asibiti a birnin Perth. Ƙashin ƙugunta ya karye wuri biyu. Aka yi aiki, aka sake yi, ciwon huhu ya biyo baya. Da ta ɗan farfaɗo aka maida ta Mildura a kwance, likita ya ce ita da doguwar tafiya sun yi sallama. Har yau ba ta ga kabarin mahaifiyarta ba.

Bevan bai faɗa wa kowa gaskiya ba. 'Ya'yansu sun ɗauka jak ne ya lalace, shi kuma ya bar su a haka. Wata bakwai abin yana cin sa. Wata safiya yana tura ta a keken guragu sai ya tsaya, ya durƙusa a gabanta, ya ba ta labarin gargaɗin da Glenys ta yi masa.

"Noelene, na san matar nan gaskiya ta faɗa. Tun kafin ki shiga na sani."

"Na san akwai abin da ka sani," ta ce. "Shekara nawa nake kallon fuskar nan taka? Ran nan na ga ta canza, ban dai san dalili ba."

"To me ya sa kika shiga?"

Ta gyara bargon da ke kan cinyarta.

"Kai ka ce in shiga."

Darasi: Jak ɗin daidaita mota ba na raba taya da ƙasa ba ne. A sa katako, a tokare taya, kar kowa ya shiga sai ta zauna daram. Kuma in an faɗa maka gaskiya a gaban mutane, ka haɗiye kunyar a take, don wanda ya yarda da kai shi zai fara shan wahalar girman kanka. Ku tura wa wani, musamman wanda kuka san ba ya jin magana.