Abin da ya sa maharban Tunau ke tafi kafin harbi

Ana yi mana dariya a kasuwanni, wai maharban garinmu sai sun kori tsuntsu sannan su ɗana kibiya. Ni da nake jikan jikan Tunau mai garin, kuma na fi kowa saiti a gundumar nan, har da ni ake haɗawa. To ku ji asali.

Tun fadamar nan tana dajin giwaye, Tunau maharbi ya iso da iyalinsa, fari ya koro su. Tunau na Dela, baka ɗaya kibiya ɗaya! Ya tarar da wata tsohuwa zaune bakin ruwa, ƙafafunta cikin taɓo, ba ta da inuwa.

Ta ce, "Zauna, ɗana, ka harbi abin da ka so. Ban da baƙona. Tsuntsu ne mai launin toka, dogayen ƙafafu, baki dogo miƙaƙƙe. Shi ke kira mini ruwa kowace shekara."

Shekara bakwai baƙin suna sauka bayan damina, Tunau yana kauce musu. Wata bazara ya hango wani tsuntsu shi kaɗai, wuya da ƙirji ja kamar jan ƙasa. Ya ce wannan ba toka ba ne, ya saki kibiya.

Matarsa Dela ta karɓa za ta fige, ta buɗe fiffike, sai ta tsaya. "Maigida, dubi farin layin nan. Dubi baƙar jela. Baƙon ne! Rigar tafiya ya sa."

Ashe in sun kusa komawa arewa launinsu sauyawa yake yi.

Shekarar nan kogi bai malalo ba. Shinkafa ta ƙone, aka binne yara uku. Tunau ya rataye baka, ya bi arewa da ƙafa don ya bai wa tsuntsayen haƙuri. Bai dawo ba. Ruwa dai ya dawo, tsuntsayen ma haka.

Daga ranar, maharbin garin Tunau ba ya harbin tsuntsun ruwa sai ya yi tafi ya tashe shi, ya ga fiffike da jela. Bara na yi tafin nan a tsohuwar mashaya, can bakin ruwa. Duk suka tashi, ban da ɗaya. Ya juyo ya dube ni, ya daɗe. Na sauke baka na ce, "Sannu, Kaka."

Mai dariya ya je ya yi ta can.