Malam Yanke da Kalmar "Ban Yafe Ba"

Akwai wani malamin lissafi da ya buɗe ajin share fagen jarrabawa a garejin gidansa. Benci huɗu ne, da allon da ya tsage a gefe, da fanka mai ƙara ba iska. Ɗalibai na kiransa Malam Yanke, don komai a wurinsa yana da gajeriyar hanya. Shi kuwa yana jin daɗin sunan kamar sarauta aka ba shi.

Cikin ɗaliban har da 'yarsa, Auta. Tana shirin jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta masu hazaƙa, kuma bana ce damarta ta ƙarshe, domin baɗi shekarunta sun wuce. Yarinyar ba ta da zance sai na zama likita.

Wata rana suka zo kan cikakken murabba'i, wato lambar da ake samu in an ninka wata lamba da kanta, kamar 36, shida sau shida.

"Kada wanda ya ɓata min lokaci," in ji Malam. "Ku dubi wutsiyar lamba kawai. In ta ƙare da 2, 3, 7 ko 8, ku watsar. Ta farko da ta tsallake, ita ce amsa. Ku zaɓa ku wuce."

Rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin ne ke kashe mutum.

Auta ta ɗaga hannu. "Baba, 54 fa? Ta ƙare da 4. Amma in na farfasa ta zuwa ƙananan lambobin da ba sa rabuwa, 2 ce da 3 sau uku. A cikakken murabba'i ai dole kowace ta sami abokiyarta. Nan 2 ba ta da abokiya, 3 ɗaya ma ta yi saura."

Wani daga bencin baya ya yi dariya. Dariyar nan ce ta ci Malam.

"Au, ke ce za ki koya min? Tun kafin in auri uwarki nake wannan aikin!" Ya kwaɗa mata rula a yatsu, ya sa ta durƙusa gaban allo har aka tashi. Da zai sallame ta ya nuna ta da alli a gaban kowa.

"Ki ji da kyau. In kika sake farfasa wata lamba, a nan ko a ɗakin jarrabawa, ban yafe ba."

Ta je wurin mahaifiyarta tana kuka, uwar ta ce, "Ki bi maganar ubanki, kin san bakin uba." Shi kuwa Malam kafin a kawo masa abinci ya manta ya faɗa.

Ranar jarrabawa, sai ga tambayoyin murabba'i a jere, kamar masu shirya ta sun san da Malam. Duk zaɓin sun ƙare da 4 ko 6. A wata tambaya zaɓin farko 1944 ne, na uku 1764.

Kan Auta ya yi aikin tun kafin ta hana shi. Ta ga 1764 biyu-biyu ce tsaf: 2 da 2, 3 da 3, 7 da 7. Ta kai fensir kusa da ita. Sai ta janye, ta cike 1944. Haka ta yi ta yi har shafin ya ƙare, hawaye na ɗiga a kan takardar.

Sakamako ya fito. Ba sunanta. Kaɗan ya rage, abin da tambayoyin nan za su cike.

Malam ya shigo falo da takardar tambayoyin yana huci. "Kin zubar min da mutunci! 'Yar malamin lissafi ta faɗi lissafi? Daƙiƙiya kawai! Menene amsar wannan?"

"1764," ta ce a hankali. "Arba'in da biyu sau arba'in da biyu."

Ya danna a waya. Haka ne. Ya karanto ta gaba, ta ba shi amsa. Ya karanto wata, ta ba shi. Ko ɗaya ba ta kuskure ba.

"To don me ba ki rubuta ba?"

"Ka ce ba ka yafe ba, Baba. Na ga gara in faɗi."

Malam ya nemi kujera ya zauna. Wallahi ban ji tausayinsa ba, tausayinta nake ji.

"Auta, ai faɗa ne kawai," ya ce. "Na yafe. Na yafe miki duniya da lahira."

"Na gode, Baba," in ji ta. "Amma an riga an karɓi takarda."

Darasi: Kalmar da ka jefa don ka kare girmanka, ɗanka ɗauka yake ya riƙe da gaske, har ta kai shi ƙasa. In yaro ya gyara maka kuskure, ka duba kafin ka ɗaga hannu. Ku tura wa iyaye da malaman da kuka sani.