Tambayar da Baba Kafinta Bai Yi Ba

Akwai wani saurayi da ake kira Auta, wanda ya tashi cikin ƙamshin katako a shagon mahaifinsa, Baba Kafinta. Ɗan ƙaramin kamfani ne na tebura da kujeru. Duk kujerar da Baba ya gama, sai ya sa ƙarfen tambarinsa a wuta, ya ɗana shi a ƙarƙashinta. Hayaƙi ya tashi, suna ya zauna. Masu saye kan juya kujera su duba, in sun ga tambarin ba sa ƙara tambaya.

Wata rana wani babban ɗan kwangila ya zo, Ciyaman ake ce masa. Kamfaninsa ne ke kai wa makarantun gwamnati tebura da benci. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa cikin garin katako da farar rigarsa.

"Baba, mu haɗe kamfanonin nan su zama ɗaya," in ji shi. "Ni ina da motoci da injina, kai kana da suna. Zan rufe nawa, mu shigo ƙarƙashin naka. Wane ni in ɗora sunana a kan na dattijo?"

Auta yana gefe, ya ga yadda idon mahaifinsa ya yi laushi.

Gwaggo, ƙanwar Baba, lauya ce. Da labarin ya je mata, ko mayafi ba ta gyara ba ta iso shagon.

"Yaya, kamfani in ya haɗiye kamfani, har da dattin cikinsa yake haɗiyewa. Kafin ka sa hannu ka yi masa tambaya ɗaya: akwai hukumar da ke bincikensa?"

Baba ya yi dariya. "Ke da karatun nan naki, ko inuwarki ba ki yarda da ita ba. Mutum ya zauna a ƙasa a gabana, in dube shi in ce ko shi ɓarawo ne? Ba haka aka rene mu ba."

"To bar ni in tambaya, ni ba ni da kunya."

"Ai na sani. Shi ya sa kullum nake yi wa mijinki addu'a."

Ma'aikata suka kwashe da dariya, Gwaggo ba ta yi ba. Baba ya sa hannu ba tare da saninta ba, don kada baƙo ya ji an ci masa fuska.

Aka kafa sabon allo mai ɗauke da sunan Baba, harufan sun kai tsawon mutum. Ba a yi nisa ba Ciyaman ya sayar da hannun jarinsa a ɓoye, ya ce likita ya ce ya huta.

Sai ga jami'an hukumar bincike da kwaɗo da jan fenti. Ashe tsohon kamfanin Ciyaman ya daɗe yana ba jami'an gwamnati cin hanci don ya samu kwangila, yana kai benci na ruɓaɓɓen katako. Ashe an buɗe binciken tun kafin ya cire takalminsa a ƙofar Baba. Aka rufe shago, aka rufe asusun banki. Rediyo ya faɗi sunan kamfanin da ake tuhuma, sunan kuwa na Baba ne.

Auta ya je ofishin hukumar.

"Ranka ya daɗe, babana ko kuɗin shan ruwa bai taɓa miƙa wa jami'i ba! Lokacin da aka yi wannan ƙazantar ko sanin mutumin nan bai yi ba!"

Jami'in ya cire tabarau. "Na yarda da kai, samari. Ba mu ce mahaifinka ya bayar ba. Kamfanin ne ya bayar, kamfanin kuma yanzu naku ne. Shi Ciyaman muna binsa, amma lauyoyi sun kewaye shi. Tara da hana kwangila, a kan sunan da ke jikin allon nan za su sauka."

Baba ya koma gyaran kujeru a ƙofar gida. Bai yi ƙorafi ba. Rannan wani tsohon mai saye ya aiko da kujera a gyara mata ƙafa. Baba ya juya ta kamar yadda ya saba. An sa wuƙa an kankare tambarin.

Ya daɗe yana shafa wurin da yatsa. Auta yana kallo. Daga ranar Baba bai ƙara riƙe guduma ba. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi, kafin watan ya ƙare ya rasu.

Ana zaman makoki sai ga motar Ciyaman. Ya zo tare da wani dattijo mai kamfanin katifa, wanda kowa ya ji suna shirin haɗe kasuwancinsu shi da Ciyaman. Ciyaman ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Allah ya ji ƙan Baba. Uba na rasa, wallahi."

An reni Auta a kan kada ya ɗaga wa babba murya. Amma takalman nan da ke jere a bakin tabarma suka tsaya masa a ido. Ya miƙe.

"Ciyaman, akwai tambayar da babana ya ji kunyar yi maka. Ni yau ba ni da uba, ba ni da kunya. Ranar da ka zauna a shagonmu, ka san hukuma na bincikenka ko ba ka sani ba?"

"Haba yaro, nan wurin makoki ne."

"Na san wurin makoki ne, gawar babana aka fitar daga nan. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Wani tsoho ya ja rigar Auta. Gwaggo ta ɗago murya daga bakin ƙofa: "Ku ƙyale shi. A ba shi amsa."

Ciyaman ya dubi jama'a, ba idon da ya kauce masa. Ya tashi ya kwashi takalmansa a hannu, ya ce wa mai katifa, "Taso mu tafi."

Mai katifa bai motsa ba. "Je ka," in ji shi. "Ni ban gama yi wa mutumin kirki addu'a ba."

Darasi: Kada kunya ta hana ka tambaya. Kafin ka haɗa sunanka da na wani, a kasuwanci ko a wani abu, ka binciki abin da ya baro a baya, domin doka za ta ɗora maka laifin da ka gada ko da hannunka fes yake. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Ku tura wa duk wanda ke shirin sa hannu, kafin wani gidan ya rasa uba.